Shukar da Inna ta tumɓuke

Babana ma'aikacin jinya ne a Damagaram. Wani abokin aikinsa Bature ya ba shi irin wata shuka mai suna rubarb, ya shuka a inuwa kusa da randa. Duk lokacin sanyin nan yana lallaɓa ta kamar jaririya, har ta yi jan kara da faffaɗan ganye.

Wata la'asar kakata, wadda Baba ke kira Inna, ta zo daga Mirriya. Ta ga shukar, ta ciji karan, ta yamutsa fuska.

"Ashe yakuwar Turawa ce," in ji ta.

Ta tsinke ganyen cikin ƙwarya za ta yi mana miya, ta watsar da karan a ƙasa. Tukunya na kan murhu Baba ya shigo. Ya durƙusa, ya janye ƙwaryar a hankali.

"Inna, ki yi haƙuri. Kara ake ci. Ganyen nan dafi ne."

Ta dube ni, ta dubi akuyarmu.

"Ka sani, kuma ka shuka ta a gidan da ke da yara?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tumɓuke ta har saiwa, ta kwance bakin zanenta, ta zuba irin yakuwa a ramin. Baba da kansa ya ɗebo ruwa ya zuba.

Yau ina da lambuna. Kowane iri aka kawo mini, tambayata ta farko ɗaya ce: yaro zai iya cin ganyensa?