Igiya Ɗaya, Mutum Ɗaya

Butulci ya yi, ba zan nema masa wani suna ba.

Shekara ashirin shi da yayansa suna hawan igiyar ruwa a tekun Durban, rub da ciki kan gajerun alluna, kafaɗa da kafaɗa, igiya ɗaya ta kai su gaɓa suna dariya. Yayan ba ya iya tsayuwa kan allo, ƙafarsa ta lalace a wurin aiki.

Sai ƙanen ya fara hangen masu dogon allo. "Dube su tsaye kamar mutane, mu muna jan ciki kamar kada."

"Je ka koya, sarkin kwaɗayi," in ji yayan. "In ka faɗo ni zan tsamo ka."

Wata bakwai yana shan ruwan gishiri, yayan na tsamo shi. Ranar da ya miƙe, masu tsayuwa suka karɓe shi da dokarsu: igiya ɗaya, mutum ɗaya. Yayan ya shigo gefensa kamar kullum, yana ihun murna.

"Kauce, Yaya! Tawa ce!" Haka ya daka masa tsawa a gaban kowa.

Yayan ya kauce. Ya rungumi allonsa, ya ɗingisa ya tafi, bai sake dawowa ba.

Yanzu ƙanen ya ƙware. Amma duk igiyar da ya hau sai ya matsa gefe, ya bar wurin mutum guda, ya waiwaya. Abin da ya nema aka ba shi: kowace igiya tasa ce, shi kaɗai.