Albarushin Da Ba Ya Hayaƙi

Jiya a bayan garin Guangzhou na ƙasar Sin, mai masana'antar da nake sarin takalma ya kunna wasan wuta don murnar buɗe kasuwa. Warin albarushin ya mayar da ni tsakar gidanmu.

Babana maharbi ne. Yana da tsohuwar bindigar harbin giwa mai baki biyu, da kansa yake sake ɗura kwanson harsashinta da baƙin albarushi. Wata la'asar ƙanensa, Baffa Sani, ya kawo masa na zamani da ya zazzage daga harsashin soja.

"Yaya, wannan ko hayaƙi ba ya yi."

"Abin da ba ya hayaƙi ban yarda da shi ba," in ji Baba. Amma ya ɗura, don kada ya gwale ƙanensa.

Ya saita kututture ya ja kunama. Bindigar ta tsage a hannunsa. Na ga yatsu uku a ƙasa, kajinmu sun nufo su a guje.

Bai yi ihu ba. Ya dube ni ya ce, "Uwata, kore kajin nan."

Jiya Sinawa suna ta tafi da dariya, ni kuwa ƙasa nake dubawa.