Awon Albarushi da Ƙahon Gado

Ka ce ɗan abin da ka gani bai kai a ta da hankali ba. To, gyara zama in ba ka misali.

An yi wani maharbi a wani ƙauye na bakin dutse, wanda ya gaji sana'ar ɗurin harsashi daga ubansa. Masu ƙananan bindigogi ƙirar maƙera, in sun harba, sai su tsince kwanson su kawo masa, ya zuba albarushi, ya toshe da dalma, ya mayar musu. Ma'auninsa ɗan tsinin ƙahon gada ne, wanda uban ya yi shekara arba'in yana awo da shi, kuma kowa ya san cikin ƙaho ɗaya shi ne kwanso ɗaya. Mutumin nan yana ji da ƙahon nan kamar me, in ka ce masa awo na iya kuskure ka nemi faɗa. Ana nan sai albarushin da ya saba saye ya yanke a kasuwa, ya sayo wani a hannun wani baƙon fatake. Na da tsaki-tsaki ne, wannan kuwa laushi gare shi kamar garin tuwo. Ya murza a yatsa, ya ce ai wuta duk wuta ce, ya cika ƙaho ya shafe baki kamar kullum. Bai tsaya ya tuna cewa gari ya fi tsaki shiga mudu ba, balle ya tambayi ƙarfin abin da ya sayo.

Da hantsi ya fita bayan gari ya gwada a jikin wani kututture. Harbin farko, bindigar ta tokare masa hannu har gwiwa, kwanson ya maƙale sai da ya sa ƙusa ya zunguro shi. Ya ce damina ce, tsatsa ce. Harbi na biyu, ɗan idon da ke gindin kwanso, inda ƙarfe ke bugawa, ya fito a baje kamar an take shi da guduma. Ya ce kwanson ne ya tsufa. Na uku ya fito da tsaga siririya kamar gashi. Nan ma bai rasa ta cewa ba, don mai son abinsa ba ya rasa hujja. Har daɗi ya ji, wai ya samo albarushi mai zuciya. Yana komawa gida ya tarar da ƙanensa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, ya zo neman harsashi don birai sun addabi masararsa a wata gona can bayan fadama. Ya damƙa masa guda shida, har yana cika baki cewa yau birai za su san an yi baƙo.

Sai bayan azahar, yana zaune a zaure, ya zazzage kwanson nan uku kusa da tsofaffin da ke cikin ƙwarya. Da suka jeru ya ga abin da ya ƙi gani da safe. Tsofaffin sumul suke, waɗannan kuwa duk sun kumbura a ciki, gindinsu ya yi baƙi. Nan take ya tuna da ƙanensa. Tasa bindigar sabuwa ce mai kaurin ƙarfe, ita ma da ƙyar ta sha. Ta ƙanen kuwa tsohuwa ce, an taɓa yi mata walda a gindi, shi da kansa ya raka shi wurin maƙerin. Ko takalmi bai tsaya nema ba, ya zura da gudu.

Ban san ko ka taɓa gudu da tsoro a ciki ba. Ƙafa tana tafiya, amma gani kake hanya ƙaruwa take yi. Ya ratsa fadama laka har ƙauri, ƙaya tana sukarsa bai ji ba, bakinsa ba abin da yake fita sai salati. Yana ta lallashin kansa: wataƙila birai ba su sauko ba yau, wataƙila da bugun gwangwani zai kore su, wataƙila akwai sauran tsohon harsashi a aljihunsa ya fara da shi. Ya ƙwala kiran sunan ƙanen tun daga inda murya ba ta isa. Yana hango gonar masarar ke nan sai ya ji ƙarar. Mutumin da ya tashi cikin bindiga ya san muryar harbi, wannan kuwa ba ita ba ce, ƙara ce irin ta tukunyar da ta fashe a kan wuta. Birai suka watse kan duwatsu suna ihu, sannan wurin ya yi tsit. Ya kutsa cikin masarar yana neman ƙanen.

Ya same shi zaune a kan kunya, ya naɗe hannun dama da riga, rigar ta jiƙe sharkaf, bindigar na gefe a tsage kamar kara. Yatsu uku sun tafi, na hannun da yake riƙe fartanya ya ciyar da gidansa. Ƙanen ya ɗago kai ya ce, "Yaya, kada ka yi mini faɗa. Ina jin ni ne ban goge ta da kyau ba."

Maharbin ya durƙusa ya ƙara ɗaure masa hannun.

Sau uku kwanso ya gaya masa gaskiya, sau uku ya samo wanda zai ɗora wa laifi. Don haka in ka ga abin da ka saba da shi ya sake kama, komai ƙanƙantar sakewar, dakata ka bincika kafin ka miƙa wa wani. Hausawa sun riga sun faɗa: ruwa ba ya tsami banza.