Kwalekwalen Mai Fito

Tasalla, na ji bayaninki. Kin ce manhajar da kika haɗa a waya don gaya wa manoma lokacin saukar ruwan sama ta karɓu, yanzu kuma kowa yana kawo miki shawara. Wannan ya ce ki ƙara wurin hira, wancan ya ce labarin ƙwallo, wani ma wasanni yake so. Ni kawunki ban san kan waya ba, amma a bakin kogi na tashi. Zauna ki ji wani misali.

An yi wani mai fito da yake haye da mutane zuwa kasuwar da ke tsallaken kogi. Kwalekwalensa siriri ne, ba komai a ciki sai gorar tuƙi da ƙoƙon kwarfe ruwa. Kafin ka gama gaisawa da na kusa da kai, har ya kai ka gaɓa. Wata rana wani fasinja ya ce rana ta dame shi, sai mai fito ya kafa rumfar zana. Wata tsohuwa ta yi kukan ciwon gwiwa, ya sa benci. Masu kaji suka nemi keji, ya ɗaura musu a baya. Daga nan sai randar ruwan sha, sai akwatin ajiya, har da murhun dafa shayi. Ba wanda ya roƙi abin banza, shi kuma mutum ne mai kara, bai iya cewa a'a ba. In ya tsaya a gaɓa ya dubi jirgin nan, sai daɗi ya kama shi. Ƙetarawa dai ta fara ɗaukar lokaci, amma da yake damina ce, kogi ya cika, ba wanda ya kula.

Da rani ya yi, ruwa ya ja baya. Ranar wata kasuwa, mata masu nono da masu tumatir suka shiga jirgin tun da sassafe. Suna kaiwa tsakiya, sai gindinsa ya zauna a kan yashi. Mai fito ya dafa gora iya ƙarfinsa, ko motsi. Ya sauka cikin ruwa ya sa kafaɗa, jirgi bai gusa ba. Hantsi ya dubi ludayi, man shanu ya fara narkewa a ƙwarya, tumatir ya yi laushi. Don ya kwantar musu da hankali, sai ya ce bari ya ɗora musu shayi. Wata mai nono ta dube shi ta ce, "Malam, ba shayi ya fito da mu daga gida ba. Kasuwa za mu."

Wani masunci ne ya zo da ɗan kwalekwalensa fayau, ya riƙa kwasarsu kaɗan-kaɗan, yana bi ta daidai wurin da wancan ya kafe. Ko da suka isa, kasuwa ta ci rabi.

Mai fito ya wuni yana kwance rumfa, yana sauke benci da randa a kan yashi, har jirgin ya taso da kansa. Da kasuwa ta zagayo, ya zo mashigi da wuri da jirginsa wayam. Ya tarar matan sun yi layi a gaban masuncin. Suka gaishe shi da mutunci, har suka tambayi iyali, amma ba wadda ta sauke ƙwaryarta a wurinsa.

Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman ƙiba, an samo rama.