Jirgi Mai Zare

"To, kai a wane layi za mu aje ka?" Sarkin Kasuwa ya tambayi saurayin, yana jujjuya ɗan jirgin wasan da saurayin ya sassaƙa da tukurwa. Ba a ba mutum rumfa sai 'yan wata sana'a sun ce nasu ne.

Kafintoci suka ce tukurwa ba katako ba ce. Maƙera suka tambaye shi ina wutarsa. Masassaƙa jirgin ruwa kaɗai suka duba aikin, har babbansu ya gyaɗa kai.

"Hannunka na da kyau, samari. Amma ba mu karɓar wanda bai taɓa haye Kwara da hannunsa ba. Ga filafili, tuƙa mu gani."

Bai karɓa ba. Tun ranar da ruwa ya ci mahaifinsa, Inna ta ce ba ta yafe ba in ya taka jirgi.

"Ashe agwagwar tudu ce!" in ji wani, aka kwashe da dariya.

Da la'asar ya tsuguna a bakin ruwa, ya saki jirgin. Iska ta ɗauke shi, ya miƙe ya nufi Kainji, ko tangaɗi babu. Can sai ya tsaya cak, yana rawa wuri ɗaya.

Zaren ne ya ƙare, wanda yake ɗaura wa kowane jirgi don kada ruwa ya tafi da shi, yaran da suka saya su yi kuka. Wuƙa na aljihunsa. Daga gida ya jiyo Inna tana ƙwala masa kira, sai ya fara naɗe zaren a yatsa.