Lambar da ke Bayan Katako

Matar gidan ko tayawa ba ta yi ba. Kafinta ya yanka mata kuɗin canza katakon bakin rufi da indararo, har da ƙari a kai, ta ce, "Na yarda. Hau."

Abin ya tsaya masa a rai. Shekara talatin yana sana'ar nan, bai taɓa ganin haka ba.

Ita da kanta ta riƙe masa tsani. Ya hau can ƙololuwar benen, ya ɓamɓaro katako ɗaya. Ruɓaɓɓe ne tun asali, fenti kawai aka lafta masa.

"Kai! Uwargida, wanda ya yi muku aikin nan ba ya tsoron Allah."

"Ko kaɗan. Maigidana ya jingina tsani a nan zai share indararo, katakon ya karye da shi. Wata uku ke nan da binne shi."

Kafinta ya juya katakon. Ga lambar wayarsa da jan fensir, yadda ya saba rubutawa a bayan kowane katakon da ya kafa.

"Kana tsammani a ina na samu lambarka, malam?"

Ya leƙo ƙasa. Ta riga ta saki hannu ɗaya.