Gidan Ƙarshen Layi

Mai fenti ya rantse ya kuma rantsewa a gaban kwamitin ruwa na gari, hularsa a dunƙule cikin hannu.

"Wallahi na shafa, ranki ya daɗe. Gidan ƙarshen layi, a bangon da ke jikin ƙofa. Da hannuna na shafa."

Shugabar kwamitin ta cire tabarau ta murza idonta. Bara, da kwamitin ya ƙara kuɗin ruwan famfo, babu irin zagin da ba ta sha ba. Da wannan ƙarin aka sayi filaye a tudu don a tashi mutanen kwari, waɗanda suka yi gini a kan hanyar ambaliya. Tsarin aikin ba wuya: sufeto ya auna, mai fenti ya bi bayansa yana dangwala jan fenti a bango, motocin kwashe kaya kuma su bi ja. Direbobin ba ruwansu da takarda, bango suke dubawa. Gidan da babu ja, sai su wuce abinsu.

Gida ɗaya suka wuce. Da kogi ya tumbatsa a makon jiya, ya tafi da rabin gidan, har da tsohuwar da ke ciki.

Gari kuwa ba ya kwana da irin wannan sai ya sami wanda zai ɗora wa. Magana ta bazu cewa mai fenti ya karɓi na goro ya tsallake gidan. In kwamiti ya gaskata, aikinsa ya tafi, kotu kuma tana jiransa.

Shugabar ta juya wajen sufeto, wanda ke zaune a ƙarshen tebur.

"Na san mun ce ka zauna a gida ka huta. Amma babu wanda ya kai ka son a gano gaskiyar nan. Ka je ka duba mana bangon, in akwai abin da ya rage."

Ya ce to. Ya miƙe ya fita.

A bakin ƙofa matar mai fenti ta tare shi, da goyo a bayanta.

"Yallaɓai, ya ƙarin haƙuri? Wallahi kunyarka muke ji. Amma mijina ba ya cin haram, ka bincika ka gani."

Da ma zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ya wuce ba tare da ya iya kallon fuskarta ba.

Kwari ya zama fili na laka da tarkace. Wani dattijo, cikin waɗanda aka mayar tudu, yana tsintar ragowar kwanon rufinsa. Da ya hango sufeto ya ajiye, ya zo ya kama hannunsa ya daɗe bai saki ba.

"Ka ga ikon Allah. Jan fentin nan da muka yi ta tsine wa, ashe shi ne ranmu. Ita kuwa, Allah ya ji ƙanta, babu yadda ba mu yi da ita ba. Ta ce ita hukuma ta yafe mata, gidanta ba ya cikin lissafi."

Sufeto ya ce amin, ya zare hannunsa.

A gidan ƙarshen layi laka ta binne matakalar shiga, amma ya ɗaga ƙafa ya tsallake wadda ta karye. Ya sunkuya a ƙofa tun kafin katakon ya taɓa goshinsa. Ciki babu komai sai buta a kife da ƙafar kujera ɗaya. Bai daɗe ba ya fito.

Bangon jikin ƙofa yana nan tsaye, an shafe shi da farar ƙasa. Sai dai ruwa ya kankare farin har iya ƙirji, ga jan fenti nan ya leƙo daga ƙarƙashi, ɓaro-ɓaro. Mai fenti bai yi ƙarya ba. Wani ne ya zo daga baya ya rufe.

Ya waiga. Dattijon ya yi nisa da kwanonsa a ka, babu kowa. Ya ɗora tafin hannu a bangon, ya ji ya motsa. Ruwa ya gama cinye gindinsa, ko turawar yaro za ta kai shi ƙasa, a ce ambaliya ce ta ƙarasa aikinta. Muddin kuwa aka ga jan nan, tambaya ta gaba kowa ya san ta.

Ya tuna goyon nan da ke barci a bayan uwarsa, bai san ana shirin raba ubansa da abinci ba. Rai ɗaya ya riga ya hau wuyansa, ba shi da wuyan ɗaukar wani alhakin.

Ya janye hannun, ya ciro waya, ya ɗauki hoton bangon ya tura wa shugaba. Ba a jima ba ta kira.

"Alhamdulillahi, bawan Allah ya fita. To amma wane mara imani ne ya rufe?"

"Ina nan tafe, ranki ya daɗe. Da bakina za ki ji."

Ya kashe wayar ya durƙusa cikin laka, kukan da ya kasa yi ranar jana'iza ya ƙwace masa. A daidai nan tsohuwar ta tsaya ran nan, riƙe masa da bokitin farar ƙasa yana shafawa, tana cewa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, da ba ka bari an raba ni da ɗakin da na haife ka ba."